Zinariya ko Gwal? Abin da Sarƙar Wuya Ta Koya Mini

Gabatarwa

Ni Bayarabiya ce, kuma a aji na fara sanin kalmar "zinariya". A hutun shekarata ta farko na je gaida wata maƙwabciyarmu a unguwar Sabo ta Ibadan. Ganin sarƙar da ke wuyanta sai na ce, "Hajiya, wannan zinariya tana da kyau." Ta yi dariya ta ce, "'Yata, Hausarki ta littafi ce. Mu gwal muke cewa." Tun daga ranar nake tambayar kaina dalilin da ya sa abu ɗaya ya samu suna biyu. A wannan ɗan rubutu zan yi ƙoƙarin nuna wa 'yan'uwana ɗalibai cewa kowace daga cikin kalmomin nan hanya ce da tarihi ya biyo, sannan mu dubi matsayin abin a rayuwar matan Hausawa.

Asalin Kalmomin

Masana sun nuna cewa "zinariya" ta samo asali ne daga kalmar Larabci "dinar". Su ma Larabawa aro suka yi daga "denarius", wani kuɗin azurfa na Rumawa. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan shi ne ya daidaita dinarin Musulunci a shekara ta 77 bayan Hijira, da nauyin giram 4.25 na zinariya. Ke nan sunan kuɗi ne ya rikiɗe ya zama sunan ma'adinin da aka yi kuɗin da shi. Ita kuwa "gwal" daga Ingilishi ta shigo, bayan zuwan Turawa a farkon ƙarni na 20.

A nan akwai darasin nahawu da ya kamata mu kiyaye. "Zinariya" mace ce, don haka sai mu ce zinariyar nan tana da kyau. "Zinari" ko "zinare" da "gwal" kuwa maza ne, sai mu ce gwal ɗin nan yana da tsada. A rubutu da labaran rediyo an fi jin zinariya da zinare, amma a kasuwa da gidan biki gwal ya fi yawo a baki.

Hanyar da Zinariya Ta Biyo

Manyan wuraren haƙar zinariya na Afirka ta Yamma a zamanin da su ne Bambuk da Bure, a yankin ƙasashen Mali da Senegal da Gini na yau, sai kuma ƙasar Akan da ke Ghana. Daga irin waɗannan wurare ne dukiyar Mansa Musa ta fito, wanda ya yi ta rabon zinariya a Alƙahira a kan hanyarsa ta zuwa aikin Hajji a 1324. 'Yan kasuwar da suka riƙe wannan fatauci su ne Wangarawa, kuma littafin Tarihin Kano ya ambaci zuwansu Kano a zamanin Sarki Yaji (1349-1385). Littafin ya kuma nuna buɗewar hanyar Gwanja a ƙarni na 15, hanyar da fataken Hausawa suka daɗe suna bi don sayo goro, ta kuma haɗa su da masu zinariya na Akan.

Abin da ya ƙara ba ni sha'awa shi ne, a Yarabanci muna cewa "wura", kuma da wannan kalma ce Zabarmawa da sauran masu harshen Songhai suke kiran zinariya. Ashe har harshen gidanmu yana ɗauke da sawun waɗancan fatake.

Adon Da da Na Yanzu

Duk da wannan tsohon tarihi, ba kowace mace ce ke sa zinariya a da ba. Ta fi zama a gidajen sarauta da na attajirai. Adon sauran mata ya ta'allaƙa ne a kan azurfa da tagulla da murjani da tsakiya. Maƙeran fari ke ƙera musu mundaye da warwaro da zobba da 'yan kunne, saɓanin maƙeran baƙi masu ƙera fartanya da gatari. Ita ma kalmar "azurfa" baƙuwa ce, daga harshen Buzaye ta zo.

Sauƙin zuwa aikin Hajji ta jirgin sama da kuɗin man fetur na shekarun 1970 sun sauya lamarin. Alhazai suka riƙa dawowa da sarƙoƙi da awarwaro daga Saudiyya, wasu har da haƙorin Makka. Daga baya mata 'yan kasuwa suka buɗe hanyar Dubai. Yau ana sayen gwal da giram, ana kuma bambanta shi da lamba 18 ko 21 ko 22, gwargwadon yawan zinariya tsantsa da ke cikinsa. Mai lamba 24 shi ne tsantsa, sai dai ya cika taushi.

Aure da Addini

Musulunci ya hana maza ado da zinariya, shi ya sa zoben namiji yakan zama na azurfa. Wannan ya mayar da gwal kayan mata zalla. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki shi ne rubu'in dinari, wato giram ɗaya da ɗan ɗoriya. Nisabin zakka kuwa dinari 20 ne, kimanin giram 85, amma kayan adon da mace ke sawa ba a fitar musu da zakka a wannan mazhaba. A lefe ma masu hali sukan sa sarƙa da ɗan kunne na gwal, abin da ya zama nauyi ga samari da yawa saboda tashin farashi.

Ado ne ko Ajiya?

Da na sake komawa wajen Hajiya na tarar babu sarƙar nan a wuyanta. Na tambaya, sai ta ce, "Na sayar na biya wa ƙaninki kuɗin makaranta. Ai ajiya maganin wata rana." A nan na gane cewa gwal banki ne ga mace. Ba ya tsatsa, yana da sauƙin ɓoyewa, darajarsa ba ta zubewa kamar ta Naira, kuma mallakinta ne, ba na miji ba. Ranar rashin lafiya ko mutuwar aure, shi ke rufa mata asiri.

Sai dai kada ƙyalli ya mantar da mu wahalar da ke bakin rami. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Masu haƙowa daban, masu ado daban.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan'uwana masu koyon Hausa ita ce, kada mu tsaya ga ma'anar da ƙamus ya bayar. Mu tambayi inda kalma ta fito, da wanda ke faɗinta, da wurin da ake faɗinta. Ga ɗan aiki: kowa ya nemi dattijuwa Bahaushiya ya tambaye ta sunayen kayan adon da aka yi mata lokacin aurenta, ya rubuta su, ya ware jinsin kowace kalma, sannan ya binciko wadda aka aro da harshen da aka aro ta. Ni dai Hajiya ta riga ta ba ni guda tara.