Darasin Masana'antu: Yadda Ake Saita Gwajin Kwamfuta Wajen Tsara Jadawalin Aikin Matatar Mai

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa jera motocin dakon mai a bakin daffo yana jiran lodi ya san cewa kwana guda na jinkiri asara ce: ga kuɗin abincin direbobi, ga ruwan bashin banki, ga gidajen mai sun bushe. Ranar lodin nan da aka yi masa alkawari kuwa, a manyan matatu, daga wani jadawali take fitowa, wanda wani injiniya ya tsara a kwamfuta. Darasinmu na wannan karo zai duba yadda ake saita manhajar da ke gwada wannan jadawali, domin kuwa amsar da na'ura ke bayarwa ta rataya ne a kan zaɓuɓɓukan da aka ɗora ta a kai tun daga farko.

Tsarin wata da jadawalin yini

Aikin matata hawa biyu ne ta fuskar shiri. Hawa na farko shi ne tsarin wata, inda ake yanke shawarar irin ɗanyen man da za a saya da yawan fetur, kananzir da man dizal da za a fitar. Wannan ya dogara ne a kan wata dabarar lissafi da George Dantzig na ƙasar Amurka ya fito da ita a 1947, wadda kamfanonin mai suka runguma tun cikin shekarun 1950. Manhajoji irin su Aspen PIMS wannan aiki suke yi. To amma tsarin wata da matsakaicin adadi yake aiki. Bai san cewa jirgin ruwa zai iso ranar Talata da dare ba, ko kuwa tanki na bakwai yana hannun masu gyara.

Hawa na biyu shi ne jadawali, watau wane mai zai shiga wane tanki, a wace rana, da ƙarfe nawa. Manhajoji irin su Aspen Petroleum Scheduler suna karɓar jerin ayyukan da mai tsarawa ya shigar, sa'an nan su kwaikwayi matatar gaba ɗaya, su nuna abin da zai kasance cikin kowane tanki a kwanakin da ke tafe. Wannan kwaikwayo shi muke kira gwaji. Sunayen maɓallan sun sha bamban daga kamfani zuwa kamfani, amma abubuwan da ake saitawa kusan ɗaya ne.

Girman abin da ake magana a kai ba kaɗan ba ne. Ganga ɗaya lita 159 ce. Matatun gwamnati huɗu na Nijeriya, watau tsohuwar ta Fatakwal ta 1965, ta Warri ta 1978, ta Kaduna ta 1980 da sabuwar ta Fatakwal ta 1989, an gina su ne domin tace ganga 445,000 a rana idan aka haɗa su. Matatar Dangote da ke Lekki a Jihar Legas, wadda ta soma aiki a 2024, an gina ta domin ganga 650,000 a rana. A irin wannan wuri, tsayawar sa'a ɗaya tak na nufin sama da ganga 27,000 ba a tace ba.

Na farko: wa'adi da tazarar lissafi

Abu na farko da ake saitawa shi ne ranar da gwaji zai soma da ranar da zai ƙare. Galibi akan ɗauki mako biyu zuwa wata guda. Wajibi ne wa'adin ya zarce lokacin isowar jirgi na gaba, in ba haka ba jadawalin zai yi kyau a takarda, alhali ya bar tankuna cike maƙil a daren da ake buƙatar wurin sauke kaya.

Sai kuma tazarar lissafi: shin na'ura za ta duba halin tankuna sau ɗaya a rana, ko kowace sa'a, ko kuwa duk lokacin da wani aiki ya soma ko ya ƙare? Bari mu kawo misali. A ce wani tanki iyakarsa ganga 400,000, da safe yana ɗauke da 330,000. Jirgi zai zuba masa 100,000 cikin sa'a biyar, sashen tacewa kuma yana jan 5,000 a kowace sa'a, watau 120,000 a yini. In aka yi lissafin rana guda, za a ga an ƙare da 310,000, ba wata matsala. In kuwa aka bi sa'a-sa'a, a ƙarshen sa'a ta biyar tankin ya kai 405,000, ya tsallake iyakarsa da ganga 5,000. Tazara mai faɗi tana sa gwaji ya yi sauri, amma tana ɓoye irin wannan haɗari. Saboda haka akan matse tazarar a kwanakin farko, a sassauta ta a na ƙarshe.

Na biyu: mafarin lissafi

Gwaji yana tasowa ne daga abin da ke cikin tankuna a wani ƙayyadadden lokaci, misali ƙarfe shida na safe. Ana iya saita manhaja ta ɗauko waɗannan alƙaluma kai tsaye daga ma'aunan tankuna da ɗakin awo, ko kuwa ta ci gaba daga inda gwajin jiya ya tsaya. Hanya ta biyu ta fi sauƙi, amma kuskuren jiya yakan hau kan na yau, har a wayi gari na'ura tana rarraba man da babu shi. Ƙa'idar da ta dace ita ce a sabunta mafarin kowace safiya, a kuma binciki duk wani bambanci tsakanin hasashen jiya da awon yau.

Ma'aunin kansa ma abin sa wa ido ne. A ranar 11 ga Disamba, 2005, wani tankin fetur a ma'ajiyar mai ta Buncefield da ke Ingila ya tumbatsa ya zuba, domin ma'auninsa ya maƙale kuma na'urar da ya kamata ta tsayar da turin mai ba ta yi aiki ba. Fashewar da ta biyo baya ta jikkata mutane sama da 40. Ba jadawali ne ya jawo wannan ba, amma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah: adadin da ya daina motsi alhali ana zuba mai, adadi ne da ba a gina lissafi a kansa.

Har wa yau a nan ake zaɓar ma'aunin lissafi, ko da nauyi ko da yawan lita. Mai yana kumbura idan ya ji zafi, shi ya sa ake mayar da kowane awo zuwa digiri 15 na ma'aunin Salsiyos. Fetur da aka auna a zafin digiri 35 yakan ragu da sama da kashi 2 cikin 100 idan aka mayar da shi wannan mizani. A lita miliyan ɗaya, wannan ya haura lita 20,000.

Na uku: dokokin tankuna

Kowane tanki yana da iyaka ta sama da ba a wucewa, da ta ƙasa wadda famfo ba ya iya jan abin da ke ƙarƙashinta. Dole a shigar da su duka biyu. Ragowar da ke kwance a ƙasan tanki kuwa tana gauraya da duk sabon man da aka zuba. A ce an bar ganga 50,000 ta wani ɗanyen mai mai sinadarin salfa, watau farar wuta, kashi 1.8 cikin 100, aka zuba ganga 450,000 ta mai kashi 0.15, irin mai sauƙin salfa da aka san Nijeriya da shi. Gaurayen zai tashi a wajen kashi 0.3, ninki biyu na abin da aka saya. Manhajar da aka saita ta yi watsi da ragowar ƙasa ba za ta ga wannan ba.

Bugu da ƙari akwai lokacin kwantawa. Ɗanyen mai yana zuwa da ruwa da gishiri, don haka akan bar shi ya huta na wasu sa'o'i, a zubar da ruwan da ya kwanta, kafin a tura shi tacewa. Haka kuma man da aka gama haɗawa ba a sayar da shi sai ɗakin awo ya ba da takardar shaida. Idan ba a saita waɗannan lokuta ba, na'ura za ta nuna mai a shirye yake tun kafin ya shirya. Akwai kuma zaɓin ko an yarda tanki ya karɓa yana bayarwa a lokaci guda, kamar a misalinmu na farko. Matatu da yawa sun hana haka, domin yana rikita awo.

Na huɗu: abin da ke cikin bututu

Bututu ba ya zama fanko; abin da aka tura yau sai ya kori na gabansa tukuna. Matatar Kaduna misali ce mai kyau, domin an gina ta ne nesa da teku, aka kuma tsara ɗanyen manta ya riƙa tahowa ta bututu mai tsawon kusan kilomita 600 daga yankin Warri. Bututu mai faɗin inci 16 da irin wannan tsawo yana ɗauke da sama da ganga 400,000 a cikinsa. In ana tura 60,000 a rana, sai an yi kamar mako guda kafin sabon mai ya iso. Daɗin daɗawa, an tsara matatar ne da sassa biyu, ɗaya na man gida, ɗaya na mai nauyi da ake shigowa da shi daga waje domin yin man shafawa na injuna da kwalta. Saboda haka sanin wane kashi ne ke gaba a cikin bututu shi ne sanin tankin da za a buɗe. A gajeren bututu na cikin harabar matata ana iya kashe wannan lissafi, amma a dogon bututu tilas ne a kunna shi.

Na biyar: sassan tacewa

Kowane irin ɗanyen mai yana da takardar awonsa, wadda ke nuna yawan abin da zai bayar a kowane matakin zafi. Manhaja tana iya yin aiki da tsayayyen kaso, misali ta ɗauka kullum kashi kaza ne zai zama kananzir, ko kuwa ta lissafa daga takardar awon gaurayen da ke shiga a wannan sa'a. Tsayayyen kaso ya wadatar ga matatar da ke cin mai iri ɗaya, kamar ta SORAZ da ke kusa da Damagaram a Jamhuriyar Nijar, wadda aka buɗe a 2011 domin tace ganga 20,000 a rana daga rijiyoyin Agadem. Matatar bakin teku mai sayen mai iri-iri kuwa, lissafi na biyu ne ya dace da ita. Kada kuma a manta da shigar da man da matatar ke ƙonawa domin bukatun kanta, da ranakun da za a rufe wani sashe domin gyara.

Na shida: dokokin haɗa mai

Fetur da dizal da ake sayarwa gauraye ne na ruwaye daban-daban, kuma ba kowace siffa ce ke bin lissafin matsakaici ba. Salfa da nauyi ake lissafa shi. Ƙarfin oktan na fetur, da kaurin mai, da zafin da tururin mai ke kama wuta, kowanne yana da tasa dabarar. Ɗan fetur kaɗan cikin kananzir yakan saukar da zafin kama wutarsa ƙwarai da gaske, abin da ya sha jawo fashewar fitilu da risho a gidaje. Man jirgin sama ma ƙa'idarsa ita ce kada wannan zafi ya gaza digiri 38.

Ƙa'idodin kansu suna sauyawa. Daga 1 ga Janairu, 2020, aka rage salfan man jiragen ruwa na duniya zuwa kashi 0.5 cikin 100, a shekarar kuma ƙasashen ECOWAS suka amince da kashi 50 cikin miliyan ga fetur da dizal. Manhajar da aka bari da tsohuwar iyaka za ta wanke man da hukuma za ta ƙi.

Na bakwai: idan aka karya doka

Zaɓi na ƙarshe shi ne abin da na'ura za ta yi in tanki ya cika ko ya ƙafe. Tana iya tsayar da gwajin, ko ta rage turin man da kanta, ko ta ci gaba tana nuna gargaɗi, har ta rubuta adadin da ya gaza sifiri. Ci gaba da gargaɗi yana da amfani yayin da ake zana jadawali, domin yana nuna girman giɓin. Ragewa a ɓoye ita ce mafi haɗari, domin jadawalin zai fito fes alhali an zaftare kayan wani mai saye. Jadawalin da za a miƙa wa ma'aikata bai kamata ya fita da gargaɗi ko ɗaya da ba a warware ba.

Abin da ya shafi ɗan kasuwa

Mai hannun jari, ko jami'in banki, ko dillalin da aka nuna wa jadawali kafin ya biya kuɗi, ba sai ya iya sarrafa manhaja ba. Tambayoyi huɗu sun ishe shi. Yaushe aka auna tankunan da aka gina lissafin a kansu? Da wace tazara aka yi gwajin? An saka lokacin awo da ba da takardar shaida cikin ranar lodi? An gwada abin da zai faru in jirgi ya makara da kwana biyu? Ita wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin jirgin da ya wuce lokacin da aka yi yarjejeniya yana jiran wurin sauke kaya, tarar jinkiri ake biyan mai shi da dalar Amurka a kowace rana, kuma ƙarshenta kan farashin lita take sauka.

Ga shugabannin matatu kuwa, shawarar ita ce a rubuta saitin da aka amince da shi, a taƙaita masu ikon sauya shi, a kuma riƙa kwatanta hasashen kowane mako da abin da ya faru a zahiri. Inda aka ga bambanci yana maimaituwa a tanki ɗaya ko sashe ɗaya, a nan ne saitin ke bukatar gyara.