Ga Fili a Filashi, Amma Fim Ya Ƙi Shiga

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya ce filashinsa mai gigabait 32 ko rabi bai cika ba, amma fim mai gigabait 5 ya ƙi shiga.

To Malam, filashinka lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana ga tsarin ajiyar fayil mai suna FAT32, wanda Microsoft ya fitar a 1996. Komai yawan fili, ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4. Rumbu ne babba mai ƙaramar ƙofa.

Maganin shi ne ka yi wa filashin fomatin ka canza tsarin. Kwashe kayanka tukuna, domin fomatin share komai yake yi, sannan ka zaɓi tsarin exFAT. Windows da Mac duk suna aiki da shi. Sai dai tsohuwar rediyon mota takan ƙi shi, FAT32 kaɗai ta sani.