Gyaran Tsohon Babur: Yadda Ake Sa Robar Tanki

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan wani ƙaramin abu ne wanda ba a cika kula da shi ba sa'ad da ake tayar da tsohon babur, watau robar da tankin mai ke zaune a kanta.

Abin da ya jawo maganar shi ne, bara wata ƙungiyar manoma a ƙasar Babura ta fito da tsohuwar Honda CG 125 daga ɗakin ajiya, domin a riƙa kai saƙo da ɗauko iri da maganin feshi. Babur ɗin ya girme ni. An kashe kuɗi a kan inji da tayu da fenti, ya fito fes. Amma da aka zo ɗora tanki sai aka ga robobin sun bushe sun farfashe, aka yar da su, aka ɗaure tankin haka nan, ƙarfe bisa ƙarfe. Bai yi wata biyu ba sai mai tuƙi ya fara jin warin fetur a wandonsa. Tankin ya tsage ta ƙasa.

Kamfanin Honda ya fitar da wannan samfuri a 1975, an kuwa ƙera shi musamman domin ƙasashe irin namu inda hanya ba kyau, ba a kuma juye baƙin mai a kan kari. Duk da haka maƙeransa ba su ɗaure tanki kai tsaye a jikin firam ba. Ga dalili. Inji mai silinda ɗaya yana jijjiga muddin yana aiki. Ga kuma hanyoyinmu: rairayi da gargada a wajen Babura, duwatsu a wajen Kazaure da Roni. Tanki kuwa da siririn ƙarfe aka yi shi, aka haɗa gefe da gefe da walda. Lita goma ta fetur ta haura kilo 7, tana ta kai da komo a ciki. Roba ita ce ke shanye wannan jijjiga. In babu ita, ƙarfen yana lanƙwasa kaɗan kaɗan sau dubbai, kamar yadda kake lanƙwasa waya har ta tsinke, sai ya tsage a bakin waldar. Ku tuna kuma abin da ke ƙarƙashin tanki: kan inji mai zafi, da fulogi, da wayoyin wuta. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 kowane ɗigo kuɗi ne, amma hasarar kuɗin ita ce ƙarama. Babbar ita ce gobara tsakanin cinyoyin mutum.

A yawancin tsofaffin baburan Japan, wuri uku tanki ke zama. A gaba, kusa da wuyan babur, akwai ƙarafa biyu gajeru da suka fito daga firam, dama da hagu, kowanne sanye da roba mai kama da ƙaramin faifai. A ƙarƙashin tanki akwai kunnuwa biyu masu buɗaɗɗen baki da ke shiga kan waɗannan robobi. A baya, ƙarƙashin sirdi, wani babur noti ne ke riƙe tankin ta cikin roba, wani kuwa roba ce kaɗai ke maƙale shi.

In za ka saya, tafi da tsohuwar a aljihu ka gwada. A Kano akan dace da kayan tsofaffin injuna a kasuwar Ƙofar Ruwa. Danna ta da farce: mai kyau tana lotsawa ta dawo, wadda ta mutu tauri gare ta kamar ƙashi. Tsohuwar roba ba a sayenta kome arharta.

To, ga aikin. A yi shi a fili, a inuwa, inji ya huce sarai, nesa da murhu da mai shan taba. Cire wayar batir ta baƙi. Rufe famfon mai da ke gindin tanki, zare tiyon da ke zuwa kafireta, ka juye man a jarka. Cire sirdi, kwance bayan tankin, ɗaga bayan kaɗan ka ja shi baya, zai fita daga robobin gaba. Kifa shi a kan buhu don kada fenti ya kuje, ka duba cikinsa da kyau, musamman kewayen kunnuwan nan. Inda ka ga danshi, ko fenti ya kumbura, to, akwai yoyo.

A nan zan tsaya in ja kunne. Kada a kai tanki wurin mai walda don an juye man. Tankin da ba mai a ciki cike yake da tururin fetur, shi ne kuwa ke fashewa. Sai wanda ya san aikin, ya wanke shi sosai tukuna. In tsagar ta yi yawa, gara a nemi wani tankin.

Goge ƙarafan gaba da samfefa har tsatsa ta fita. Jiƙa sababbin robobin a ruwan ɗumi su yi laushi, ka shafa musu ruwan sabulu, ka tura su har ƙarshe. Ruwan sabulu na ce. Da yawa daga cikin bakanikenmu giris ko baƙin mai suke shafawa don aiki ya yi sauri, alhali kuwa mai yana cin irin wannan roba, ta kumbura ta yi laushi ta yage. Sabulu kuwa da ya bushe sai robar ta kama.

Kafin ka mai da tanki, jera wayoyin wuta da kebur na totur da na kuloci a hanyarsu, kada tanki ya danne su. Saita kunnuwan da robobin, tura gaba da tafin hannu har ka ji ya zauna. Ba a bugunsa da guduma. In na noti ne a baya, akwai ɗan bututun ƙarfe da ke shiga tsakiyar robar. Kada ka yar da shi, gama shi ne ke tsayar da noti don kada ya matse robar ta zama kamar ƙarfe. Ɗaure har noti ya taras da bututun, ka tsaya nan.

Akan tambaye ni, in ba a sami robar ba fa? Ana iya yanko ta daga gefen tsohuwar tayar mota, a fere ta daidai girman ta asali, za ta yi aiki kafin a je birni. Naɗa tub ba ya daɗewa, zafi da fetur suna narkar da shi.

Daga nan sai gwaji. Kama tankin da hannu biyu ka girgiza: ya ɗan motsa kaɗan ba ƙara. In ya yi ƙwal-ƙwal, robar ta yi ƙanƙanta. Juya kan babur dama da hagu har iyaka, ka ga bai taɓa tanki ba, totur kuma yana komawa da kansa. Mai da tiyo, in ya bushe sa sabo. Zuba mai lita ɗaya, buɗe famfo, shimfiɗa takarda a ƙasa ka bar shi rabin sa'a. In takardar ta bushe, mai da batir ka tayar. Bayan mako guda ana hawa, a sake cire sirdi a duba notin baya, sakataren ƙungiya kuma ya rubuta ranar da aka sa robar a littafin kayan aiki.