Darasin Lafiya: Idan Yaro Ya Ce Ƙashinsa Na Ciwo

Aikina tafinta ne a ofishin kariya, amma sau da yawa ana kirana asibiti in fassara tsakanin uwa da malamin lafiya. Kukan da na fi ji shi ne: "Yaron nan yana kukan ƙafa, bai faɗi ba, bai ji rauni ba." Wani ciwon ba shi da haɗari, wani kuma jinkirin kwana biyu na iya gurgunta yaro. Darasinmu na yau shi ne yadda za ku bambance su.

1. Ciwon da yake wucewa

Yara masu shekara 3 zuwa 12 kan yi ciwon da likitoci ke kira ciwon girma. Yana zuwa da yamma ko cikin dare, a ƙafafu biyu, wajen cinya, ƙwauri ko bayan gwiwa, musamman ranar da yaro ya sha guje-guje ko jigilar ruwa. Babu zazzaɓi, babu kumburi, da safe kuma yaro ya tashi garau ya tafi wasa. A matsa masa wurin a hankali, a ɗora tsumma mai ɗumi, a rarrashe shi. Idan ya riƙa dawowa, a kai shi a duba.

2. Alamomin da ba a kwana da su

Ku kai yaro asibiti a ranar, ko da dare ne, idan kun ga ɗaya daga cikin waɗannan:

* zazzaɓi tare da ciwon ƙashi;
* ciwo a wuri guda, wurin ya kumbura, ya yi zafi;
* yaro yana ɗingishi, ko ya ƙi taka ƙafa, ko ya ƙi motsa hannu;
* tafin hannu da cikin ido sun yi fari, ko ido ya yi ruwan ɗorawa;
* jariri ya kumbura a bayan hannu ko bayan ƙafa yana ta tsala kuka;
* ciwon ƙirji ko numfashi da sauri;
* rama, gumin dare, ko jini ya kwanta a fata ba tare da bugu ba.

3. Me ke kawo irin wannan?

Na farko sikila, wadda muke kira amosanin jini. Ba maita ba ce, ba iska ba ce, gado ce daga uwa da uba tare. Idan dukansu AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai SS, alhali iyayen lafiyarsu ƙalau. Ƙwayoyin jinin mai SS sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, shi ne ciwon. Sanyi, ƙishirwa da zazzaɓin sauro na tayar da shi, shi ya sa ya fi tsanani da hunturu da damina. Gwajin jini ne kaɗai ke tabbatar da ita. Kada uba ya ɗora wa uwa laifi.

Na biyu, ƙwayoyin cuta kan shiga ƙashi ko gaɓa su tara mugunya. Wannan yana warkewa da maganin asibiti idan an zo da wuri. Idan an makara, ƙashin kan lalace.

Na uku, laushin ƙashi saboda ƙarancin sinadarin kalsiyam ko bitamin D, wanda ke jawo gwame da lanƙwasar ƙafa. Nono, miyar kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu suna taimakawa, haka ma barin yaro ya sha hantsi.

Tarin fuka kan kama ƙashin baya, kansar jini ma kan fara da ciwon ƙashi. Waɗannan ba su da yawa, amma su ne dalilin da ba a raina ciwon da ya daɗe.

4. Abin da za ku faɗa wa malamin lafiya

Na taɓa fassara wa wata uwa da aka yi wa tambaya biyar, amsarta ɗaya: "Jikinsa ne duka." Sai kakar yaron ta ce ai yayarsa ma haka ta riƙa kumburin hannu kafin ta rasu. Wannan maganar ce ta sa aka yi gwajin jini. Don haka ku zo da amsoshin nan: Yaushe ya fara? Ina ne daidai, yaro ya nuna da yatsa? Dare ne ko rana? Akwai zazzaɓi? Akwai mai irinsa a dangi? Wane magani aka ba shi, har na gargajiya? Ku faɗi gaskiya, ba faɗa za a yi muku ba. Ku zo da katin asibitin yaron. Idan ba ku fahimci bayani ba, ku nemi tafinta, haƙƙinku ne.

5. Abin da za a kiyaye

Kada a yi wa yaro sakiya, tsaga ko ƙaho. Suna zubar da jinin da yake buƙata, suna buɗe wa cuta ƙofa. Kada a kai wa maɗori gaɓar da ta kumbura da zazzaɓi. Kada a ba yaro asfirin ko tiramol na 'yan talla. Farasitamol ana bayar da shi gwargwadon nauyin yaro, ba ya wuce sau 4 a awa 24, kuma ƙwayar manya mai miligiram 500 ta yi wa ƙaramin yaro yawa. A yawaita ba shi ruwa, a lulluɓe shi da sanyi, ya kwana cikin gidan sauro.

6. Magana daga ofishinmu

Wani lokaci yaro ya san abin da ya same shi, tsoro ne ya hana shi faɗa: ya faɗo daga bishiya wajen itace, ko wani ya doke shi. Ku tambaye shi ku biyu kawai, cikin lalama, ba da tsawa ba. Idan hannun mutum ne, ku zo ofishin kariya. Maganarku sirri ce.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya mayar da mu gida lafiya.