Idan Na'urar Gem Ta Ƙi Kamawa, A Fara Binciken Daga Bango

Duk mai sana'ar gyaran na'urorin gem ya san cewa wadda aka kawo a rufe ta fi sauƙin ceto a kan wadda aka riga aka kwance a gida. Abin da nake so masu PlayStation da Xbox, musamman masu gidajen gem, su riƙe shi ne: idan na'ura ta ƙi kamawa, wutar da ke shiga cikinta ce abin tuhuma na farko, kuma yawancin binciken da ya kamata a yi ba ya buƙatar sukudireba ko kaɗan.

Dalilin a fili yake. Wutar Najeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 ne zuwa 230, ta Amurka 120, ta Japan 100, kuma da yawa daga cikin na'urorin da ke hannun mutane 'yan kwatano ne da aka ƙera domin waɗancan ƙasashe. PS4 da PS5 suna karɓar wuta daga 100 har 240, amma akwatin wutar Xbox 360 da na Xbox One na farko, da tsohuwar PS2 mai kauri, kowanne an yi shi ne domin yanki guda. Wanda ya jona na Amurka kai tsaye a soket ɗinmu zai ji ƙara da ƙauri, shi ke nan. Takardar da ke manne a jikin akwatin ko bayan na'urar ta faɗi adadin wutar da take ɗauka. Karanta ta bai kai minti ɗaya ba.

Idan wannan ya yi daidai, sai a bi hanyar wutar daki-daki. A cire na'urar daga ekstenshan, a jona ta a soket ɗin bango da aka gwada da fitila ko caja. A canza wayar wuta, domin ta PS4 irin ta rediyo ce mai baki biyu, kuma filogi mai ƙafa uku yana da fiyus a cikinsa wanda kan ƙone shi kaɗai. A zare komai a bar ta ta huta na 'yan mintuna kafin a sake gwadawa, saboda sashen wutar kan kulle kansa bayan wuta ta yi tsalle. Daga nan sai a lura da alamar da ta nuna, don a nan ne ake rabe matsaloli. Shiru gaba ɗaya, babu haske babu ƙara, yana nuni ga waya ko sashen wuta. Ƙara ɗaya da shuɗin haske sannan ta mutu yana iya zama sashen wutar ne ya kasa ɗaukar nauyi, ko kuma allon ciki. Farin haske a tsaye amma talabijin baƙi ƙirin, wannan na'urar ta kama, wayar HDMI ko bakinta ne ya lalace. A PS4, riƙe maɓallin kunnawa kimanin sakan 7 har a ji ƙara ta biyu yana shigar da ita yanayin gyara, idan matsalar ta manhaja ce.

Wani zai ce ai tunda PS4 tana jure 100 zuwa 240, sitabilaiza ɓarnar kuɗi ce. Wannan adadin yana magana ne a kan wuta mai tafiya daidai. Bai shafi bugun da kan zo a daidai lokacin da aka dawo da wuta ba, ko hawa da saukar ƙaramin janareta idan mai ya kusa ƙarewa. Shi ya sa nake ganin sitabilaiza mai jinkirta sakin wuta, tare da al'adar zare filogi da zarar an ɗauke, sun fi kowane gyara arha.

Wani kuma zai ce masu gyara suna hana mutane buɗewa ne don kare cinikinsu, alhali ga bidiyo nan birjik a YouTube. Gaskiya ne akwai abin da mai na'ura zai iya yi da kansa, kamar share ƙurar hunturu daga ramukan iska da ɗaga ta daga ƙasa, inda kyankyasai ke samun hanyar shiga sashen wuta su haɗa wayoyi saboda ɗumin wurin. Amma cikin sashen wutar akwai kafasito da ke riƙe fiye da bolt 300, kuma yakan ci gaba da riƙe wuta bayan an zare filogi. Taɓa shi na iya yi wa mutum mummunan lahani. Haka nan gasa allo da bulowa: wani lokaci na'urar takan farfaɗo na ɗan lokaci, sai dai zafin kan lanƙwasa allon ya narkar da dalmar da lafiyarta ƙalau, gyaran da zai tsaya a canjin sashe guda ya koma asarar na'ura sukutum.

Don haka idan an gwada soket da waya, an ba ta hutu, ta ci gaba da shiru, a kawo ta a rufe tare da wayoyinta. A kuma gaya wa mai gyara gaskiyar abin da ya faru kafin ta mutu: a janareta take, ana ruwa da tsawa ne, ko wuta ce ta dawo da ƙarfi.