DARASI: GUBAR ƘARFE DA MASU TSARON JIKIN KIFI

'Yan'uwa, sau da yawa mukan ce ruwa yana da kyau muddin ba mu ga matattun kifaye a bakinsa ba. Wannan darasi zai nuna mana cewa tarwaɗa ko karfasa tana iya yin iyo da ƙarfinta alhali guba tana cin ta a ciki.

Masu tsaro uku

Duk halittar da ke amfani da iskar oksijin, jikinta yakan fitar da wasu ɓurɓushi masu ƙona ƙwayoyin jiki, kamar yadda tartsatsi ke tashi daga murhu. Domin kashe su, jiki yana da sinadarai da ake kira enzayim. Na farko, SOD, wanda McCord da Fridovich suka gano aikinsa a 1969, yakan mai da ɓurɓushin ya zama haidurojin feroksaid. Na biyu, katales, yakan raba wannan ya koma ruwa da oksijin. Na uku, GPx, yakan share abin da ya rage. A hanta aikinsu ya fi yawa.

Yadda ƙarfe ke karya su

Tagulla da kuromiyam sukan hura wutar tartsatsin. Dalma da kadmiyam da zaiba kuwa sukan manne wa masu tsaron, su hana su aiki. Da farko jikin kifi yakan ƙara yawan enzayim ɗin. Idan gubar ta yi yawa ko ta daɗe, sai ƙarfinsu ya faɗi, hanta ta lalace, girma ya tsaya, haihuwa ta ragu. Shi ya sa masana ke auna su domin gane ƙazantar ruwa tun kifi bai mutu ba.

Wannan ba labarin nesa ba ne. A Kano, ruwan masana'antun jima mai ɗauke da kuromiyam ya daɗe yana shiga Kogin Challawa.

Abin da ya kamace mu

1. Mu sani dafuwa da banda ba sa fitar da ƙarfe daga kifi.
2. Mu zubar da hanta da kayan ciki, gama can gubar ta fi taruwa.
3. Kada mu yi su kusa da magudanar masana'anta, musamman domin yara da masu juna biyu.
4. Kada mu jefa tsofaffin batura cikin rafi.

Tambaya don tattaunawa

Daga wane ruwa kifin kasuwarmu yake fitowa, me kuma ake zubawa a cikinsa?