Shin raƙumi na iya sa wa mutum cutar korona?

Wannan tambaya ta fito daga Malama Hadiza a Maraɗi. Ta ce mahaifinta yana kiwon raƙuma, kuma ta ji ana cewa suna ɗauke da korona.

To Malama Hadiza, mun gode. Korona dangi ne na ƙwayoyin cuta masu yawa. Wadda ta shafi raƙuma ita ce MERS. An fara gano MERS a jikin mutum a Saudiyya a shekarar 2012, kuma masana na ganin asalinta daga jemage ne, ta daɗe a jikin raƙuma kafin ta kai ga mutane.

Raƙumin da ya kamu sau da yawa majina kawai za ki gani a hancinsa, musamman ƙananan raƙuma. A cikin wannan majinar ƙwayar take. Makiyayi ya shafa hancin dabbar, ya kai hannu ido ko baki, shi ke nan ta shiga. Daga nan sai zazzaɓi, tari da wahalar numfashi. Tsakanin mutane kuwa, ta fi yaɗuwa a asibiti, kamar yadda aka gani a Koriya ta Kudu a 2015.

Kusan mutum ɗaya cikin uku da aka tabbatar sun kamu ya rasu, don haka ba abin wasa ba ce. Ki roƙi Baba ya riƙa wanke hannu da sabulu bayan ya taɓa raƙumi, a tafasa nonon kafin a sha, a dafa naman sosai. In yana da ciwon suga ko na ƙoda, ya bar wa wani kula da raƙumi mai majina.